Bakin Rumbun Iri

Zuwa ga Yayana, Mai Unguwa Ilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan Allah ya haskaka makwancinka. Da hannuna nake rubuta maka. Ka ga ajin yaƙi da jahilcin da kake tsokanata da shi bai tafi a banza ba.

Albishirinka, Yaya. Matar ɗana Sule ta sauka lafiya, an samu namiji. Tun ranar bakina ya ƙi rufuwa. Har na fito zaure da sauri in gaya maka, sai na tarar da buzunka a rataye.

Ka tuna shekarar farin nan da shanu suka riƙa faɗuwa a hanyar Toranke? Kai ka tara irin gero da dawa na unguwa a rumbu guda, ka liƙe bakinsa da laka. Da yunwa ta tsananta, jama'a suka cika ƙofar gida suna neman a buɗe. Ka ce, "In muka cinye iri yau, me za mu ce wa ƙasa in ruwa ya sauka?"

Zaurenka ya watse. Waɗanda kuka tashi tare suka daina gaishe ka. A kasuwar Gaya har cewa aka yi kai kake ci a ɓoye, alhali ni na san tafasa da dusa ne a akushinka. Da ruwa ya sauka kowa ya samu abin shukawa, amma kai ba ka ga kaka ba.

Yanzu rawanin yana kaina, kuma daminar bara ta yi gardama. Iri yana rumbu, na liƙe shi. Dangi sun matsa a ɗiba don tuwon suna, wai jikan fari ne, da kaka a mayar. Na ce a'a. Sule ba ya haɗa ido da ni. Yau ni kaɗai na ci tuwo a zaure, na rasa wanda zan yi wa labarin kamannin jaririn. Goshinka ne sak.

Ranar Juma'a suna. Goro ne kawai da 'yar akuya, kuma ban san ko mutane za su zo ba. Sunanka za a raɗa masa.

Allah ya jiƙanka, ya raya takwaranka. Ni kuma ya riƙe mini hannu har ruwa ya sauka.

Ƙaninka,
Garba