Motar da Kawu Ya Gwada da Kunne

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da 'yan biyu, ya kuma sa albarka a nemanka. Mu nan mun gode Allah. Baban yara ya koma aiki bayan ciwon bayan nan da ya kwantar da shi, babbar 'yata kuma ta gama jarrabawa, ta dawo gida tana koya mini yadda ake girki a kicin ɗina. Jikin Mama ne dai sai a hankali, kuma saboda ita na ɗauki biro maimakon waya. In na kira ka katse ni za ka yi ta yi, ni kuwa yau so nake ka ji ni har ƙarshe.

Na saurari saƙon muryar da ka turo, har sau uku, don kada in zalunce ka. Ka ce ƙauyanci ne ke damuna, ka ce motar lantarkin nan caji kawai ta rasa, kuma ran Litinin za ka sa dillali ya kawo takardunta ko ina so ko ba na so. Auta, raina ya ɓaci, kuma har yanzu a ɓace yake. Na san da kyakkyawar niyya ka nemo wa Mama motar alfarma, ko da ta hannu ce, don ta riƙa zuwa wankin ƙoda cikin hutu. Amma kai hoto ka gani, ni kuwa ni ce nake kai ta asibitin nan sau biyu kowane mako, kilomita tamanin zuwa, tamanin dawowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ka kafa hujja da cewa Kawu ya duba ta ya ce lafiyarta lau. Bari in gaya maka irin dubar, don a gabana aka yi. Ka san shekara talatin da biyar Kawu yana gareji, kuma da kunne yake aiki. Sai ya ɗora bakin sukudireba a kan inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido, ya faɗa maka ciwon mota tun ba a kwance ko noti ɗaya ba. To haka ya zo wa wannan. Ya sa aka buɗe gaba, sai ya tarar da wurin ajiye jaka, babu inji. Ya zagaya baya ya durƙusa yana neman salansa don ya ga kalar hayaƙi, babu. Ya nemi sandar awon baƙin mai, dillali ya yi dariya ya ce wannan ba ta shan komai. Sai Kawu ya sa aka kunna ta, ya kasa kunne a jikinta ya daɗe, sannan ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce tunda yake bai taɓa jin mota mai lafiyar wannan ba, ko tari ba ta yi. Ni ma na yarda, don ban san cewa irinta ko tana bakin mutuwa shiru take yi ba.

Daga nan ka matsa lallai a kai Mama asibiti a cikinta ranar Talata, tunda dillali ya ba mu ita gwajin kwana ɗaya, a ɗauko maka hoto. Na biye maka, kuma wannan laifin nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Mun kwana tana caji, da safe allon gaban direba ya nuna za ta yi kilomita ɗari uku da goma. Muna hawa babban titi na kunna sanyi saboda Mama, sai lambar nan ta fara zubewa, kafin in yi kilomita ɗaya ta cinye biyar. Na kashe sanyin, na rage gudu, na yi ta addu'a a zuci. A hawan da ke bayan gada wani ɗan hoton kunkuru ya fito a allon, motar ta koma tafiyarsa, manyan motoci suna danna mana oda ta baya. Da ƙyar na sauka gefen titi, a nan ta tsaya cak, saura kilomita ashirin da biyar.

Allah ya saka wa mutanen hanya da alheri. Maza shida suka taru za su tura, ta ƙi ko motsi, tayoyin sun kulle kuma nauyinta kamar an cika ta da siminti. Mai janwe ya zo ya duba, ya ce irin wannan ba a janta, sai an samo babbar mota an ɗora ta a baya. Duk wannan Mama tana zaune kan kujerar fatar da ka yi ta yabo, zufa tana zuba, tana ce mini kada in damu. A ƙarshe wani direban motar ɗaukar buhunan siminti ne ya tausaya, ya sauke abokin tafiyarsa ya sa mu a gaba ni da ita. Mun isa asibiti da lattin awa biyu da rabi. Nas ta ce an riga an ɗora wani a kan injin, layin kuma a cike yake har Alhamis. Na roƙe ta har na yi kuka a gaban mutane, amma ba laifinta ba ne, shi ma wanda aka ɗora ran nan uwa ce ta haife shi.

Washegari na yi abin da ya kamata mu yi tun farko. Na nemo mai gyaran irin waɗannan motoci, ya zo filin dillali inda babbar mota ta sauke ta, ya jona kwamfutarsa. Ya ce batirin bai fi kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa na asali ya rage ba, kuma an taɓa lissafin allon don ya riƙa nuna adadin sabuwa. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya nuna mini busasshen taɓo, da tsatsa a notunan kujera, ya ce motar nan ta taɓa kwana cikin ruwa. Ya sa na shafa tayoyin ta ciki, sun cinye har waya ta fito, ta waje kuwa an shafe su da mai suna ƙyalli. Na tambaye shi batir fa, ya ce sai an yi oda daga waje, a jira wata biyu ko uku. Dillali yana tsaye yana danna waya, wai shi ma haka aka kawo masa. Kyan ɗan maciji ke nan, Auta, kuma kai kana can kana cinikin biri a sama.

Kada ka kira Kawu ka yi masa faɗa. Da ya ji labari ya zo gida da kansa, ya zauna bakin ƙofar Mama ya kasa shiga, ya ce kunnensa ya ci amanarsa. Shi ya faɗi iyakar saninsa, kai ne ka tura shi aikin da ba nasa ba don ka san ba zai ce maka a'a ba.

Ga matsayata. Na mayar wa dillali makullinsa. In ka ga dama ka saya ran Litinin, abinka ne, amma Mama ba za ta sake sa ƙafa a ciki ba muddin ni ke tuƙa ta. In taimako kake so ka yi, nemo mana motar da masu gyaranta suke kan hanyarmu, ko wace iri ce, a jona ta a kwamfuta, a kuma yi tafiyar asibitin nan da ita zuwa da dawowa babu mara lafiya a ciki.

Kwana biyun da muka jira, ƙafafun Mama sun kumbura har takalminta ya ƙi shiga, numfashi kuma sai tana jingine da matasai uku. Ranar Alhamis da aka ɗora ta a inji ta kama hannuna ta ce kada in gaya maka komai, kana can nesa cikin baƙi, hankalinka zai tashi. Ta ce in ka tambaya in ce maka kujerar tana da laushi, kuma ta sa maka albarka. To na isar da saƙonta, sauran kuma na ƙi ɓoyewa, don uwarka ce kamar yadda take uwata.

Ka gaishe da maiɗakinka, ka shafa mini kan 'yan biyu. Baban yara da Gwaggo suna gaishe ka. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa ka zo ka same ta a kan ƙafafunta.

Yayarka, wadda ta goya ka.