Motar da Ba Ta Sallama

Zuwa ga Inna, a Zugu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki ƙwarai. Yaya ƙafar taki? Yaya Uwani da yaranta? Magaji ya samu shiga gona bana?

Ni lafiyata lau, kada ki damu. Aikina kankare gansakuka daga injunan da ke cikin teku. Igiyar ruwa ke juya su, su ba da lantarki, da shi ake cajin motocin garin nan. Direbanmu ya ce cajin bai kai rabin kuɗin fetur ba.

Sai dai, Inna, motocin ba su da ƙara. Ke kika koya muna sauraren hanya: mashin guda baƙo ne, mashina da yawa a kwashi yara a gudu. Shekaranjiya na saurara, na ji shiru, na tsallaka titi, sai wata ta goge ni a gwiwa. Ƙujewa ce kawai. Tun daga nan ina tafe ina waige, abokan aiki na yi mini dariya.

An ce har mashin ana yin mai caji, marar ƙara. Ki taya ni addu'a kada ya kai hannun mutanen daji. In suka zo shiru, Inna, mi za ki saurara?

Ɗanki,
Abdulwahabu