Akwatin da Muryar Yaya Idi Ke Ciki

Daren Laraba, 9 ga Rajab, Alsawra

Har yanzu raina a ɓace yake. Kwana uku ɗana Usman yana danne-danne a kwamfutarsa. Wai akwai ɗan ƙarfe a ciki mai auna zafi, shi Usman yana koya wa injin karanta shi, don fanka ta san lokacin ƙara gudu. A akwatin kwamfutar nan ya zuba muryar marigayi Yaya Idi yana jero kakanninmu. Kaset ɗin kuwa ya yar, wai ya tsufa.

Da la'asar na ɗora hannu a kan akwatin, na ce, "Usman, abin nan wuta yake ci."

"Yaba, dubi allo, talatin da biyu kacal. Lamba ba ta ƙarya."

Don ban shiga madarasa ba! Ni da na tsufa ina gasa jan bulo a Aljirif, ni za a koya wa zafi? Kafin magariba sai ƙauri, akwatin ya mutu. Ashe sunan wani ƙarfen daban ya rubuta wa injin, yana ta karanto abin da babu, fanka tana barcinta.

Wai gobe zai kai Kasuwar Umdurman a duba ko muryar ta tsira. Ko kallonsa ban yi ba.

Bayan isha na zauna ina jero sunayen da kaina. Na kai na shida, na tsaya. Na sake daga farko, na sake tsayawa. Su tara ne.