Numfashina da Tsawar Kwamanda

Zuwa ga mai girma Kwamanda, Daraktan ma'aikatarmu ta rabon cimakar agaji, Yamai.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ina neman gafara da na rubuto a fili. Sau uku ina zuwa ƙofar bironka, wato ofishinka, sau uku ƙafata tana wucewa da ni ban ɗaki. Ni ne Lawali Abdu, sakataren da ka mayar mangazar hatsi wata biyu da suka wuce.

Na ɗaya. Na amsa laifina. Ranar da ka zo ba zata, ƙarfe bakwai da rabi, ka tarar ba kowa a kujerata. Daga Harobanda, ƙetaren kogi, nake zuwa, kuma ran nan raƙuman bayin Allah da fari ya koro daga arewa sun cika kadarko. Ban faɗa maka ba, domin bakina ya bushe. A kayena, littafin da nake rubutu a ciki, na rubuta makarar minti goma sha ɗaya, kai ka ce ashirin. Wataƙila agogona ne, ko da yake kullum da rediyo nake saita shi.

Na biyu. Ina da fuka tun ina yaro ɗan lakwal. A mangaza, duk buhun jar dawa da aka jefo daga kamiyo sai ƙaiƙayi ya tashi, ƙirjina ya kama kuka. Leburori sun raɗa mini suna Mai Sarewa. Matata Hadiza tun daga bakin lungu take jin isowata, ta ɗora ruwan zafi.

Na uku. Shekara ashirin ke nan ina rubuta abin da ya same ni kowace rana. Da na duba wata biyun nan, kwana huɗu kacal na sami inda na rubuta cewa na yi numfashi sosai. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba abinci ba ne, ba Juma'a ba ce. Ranakun da ka shigo mangaza ka daka mini tsawa ne. Na sake dubawa sau biyu, don ban cika yarda da kaina ba.

Na huɗu. Na kai wa likita kayen. Da ya gama dariya, ya zana mini a takarda: hanyoyin iska na cikin huhu kewaye suke da siririyar tsoka, kamar zariyar wando. A jikin tsokar akwai 'yan ƙananan ƙofofi, kowace da irin saƙon da take karɓa. In ƙaiƙayi ya shiga, jiki ya aika ta wata ƙofa a tsuke zariya. Tsoro kuwa yakan zubo wani sinadari cikin jini, ya ƙwanƙwasa wata ƙofar daban, a sassauta. Maganin feshin da masu fuka ke shaƙa kwaikwayon wannan sinadarin yake yi. Ya rubuta mini shi, na zaga farmasi har unguwar Talaje, babu. Ya kuma gargaɗe ni cewa tsoro ba magani ba ne, wasu ma shi ke tayar musu da ciwon, kuma in na ci gaba da shaƙar ƙaiƙayi, wata rana zariyar za ta tsuke ta ƙi sakuwa. Nan kam bai yi dariya ba.

Na biyar, kuma da kunya nake rubuta shi. Talatar da ta wuce ƙirjina ya matse, sai na hango motarka. Da gangan na haye buhu, na miƙe ƙafa, na ture hula. Ka wuce ba ka ko kalle ni ba. A amalanken jaki aka mai da ni gida, 'ya'yana biyar suna tsaye a ƙofa.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka mai da ni teburina. Na riga na fara fitowa tun asuba, kafin raƙuma. In hakan bai yiwu ba, a taimaka mini da maganin. In duka biyun sun gagara, ka riƙa biyowa mangaza da goma na safe da huɗu na yamma, lokacin sauke kamiyo. Ba sai ka daɗe ba.

Na san wannan wasiƙa za ta kawo ka. Tun da na fara rubuta ta nake tunanin fuskarka in ka karanta, kuma ban tsaya na huta ko sau ɗaya ba.

Allah ya ba mu ruwa bana, ya ƙara maka lafiya, ya bar maka muryarka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Lawali Abdu,
Mangazar hatsi.