Hannun Habu Bai Kai Kunne Ba

Litinin da dare, Pantami

Yau na kai Habu makaranta, tunda gwamnati ta ce karatu ya zama kyauta. Hedimasta ya jera yara, ya ce kowa ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnen ɗaya gefen. Na Habu bai kai ba. Aka ce sai baɗi.

Maƙwabciyata Maman Rifkatu ta raɗa mini, "Ki ce ya karkata kai mana, haka tawa ta shiga." Wallahi na so in yi. Sai na tuna har yanzu barci kan sace shi da loma a hannu. Ina zai iya zaman benci har azahar?

Babansa ya yi faɗa, wai na cuci yaro. Na ce a bar mini shi bana, mu ƙirga awaki, in yi masa tatsuniya, ya yi wasan ƙasarsa.

Ɗazu na leƙa shi da fitila. Yana barci, hannu bisa kai, yatsu na neman kunne. Na sauke masa a hankali, na ce, "Kunnen ba inda zai je, Habuna."