'Yar Masinjan Kotu

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki?

Na san kin yi ta kira ba ki samu ba. Kashe wayar na yi na jefa a durowa, don duk wanda ya kira, zancen bidiyon nan ne. Na tabbata ya iso gare ki. To, Zabuwa ce, 'yata. Ita ce doguwar da ta danne yarinyar a bayan ajinsu tana jibgarta da takalmi, wasu na shewa, wata na ɗauka a waya. Likita ya ce kunnen yarinyar na hagu ba zai ƙara ji ba.

Abin da ba ki sani ba, kotun yara aka kawo ta, inda nake masinja. Kin san aikina, in ɗauki jakar alƙali, in jera fayil, in tsaya bakin ƙofa in kira sunan wanda ake tuhuma. Ni na kira ta, da sunanta na takarda, nawa a haɗe. Ta shigo da kayan makaranta, 'yar sanda na riƙe da hannunta.

Alƙaliyar baƙuwa ce, ba ta san ni ba sai da kaki. Ta ɗaga kai ta ce, "Ina iyayen yarinyar nan?" Yaya, ina tsaye da fayil a ƙirji, bakina ya ƙi buɗuwa. Magatakarda ya dube ni, ya mayar da ido kan tebur. Zabuwa ba ta ko waiwayo ba.

An kai ta gidan tsare yara. Alƙaliya ta ce a zama na gaba, in uba ko wani nata ya miƙe ya ce ya ɗauki nauyinta, za a sake ta a hannunsa, jami'ar kula da yara tana leƙowa. In babu, sai gidan horo har ta kai sha takwas. Shekararta sha biyar.

Ki taimaka ki zo ki tsaya mata. Tun rasuwar uwarta ke ce uwa. Ni a kotun nan nake cin abinci, kuma kunya ta ishe ni.

Ƙaninki.

*

Zuwa ga ƙanina,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafa tana nan yadda ka san ta, maigidan yana gaishe ka.

Na karanta takardarka, sai da na cire tabarau na goge na sake karantawa, ko idona ne. Kai da in ka ce "Kotu" ake jiyo ka daga bakin titi, kai ne yau baki ya ƙi buɗuwa? Tun kana yaro haka kake, ka fasa kofi ka tura ni in faɗa wa Inna. Ga furfura a gemu, hali bai canja ba.

Kada ka ɗauka kai kaɗai ne kunya ta kama. Ranar nan na je ɗinki, matar tela ta miƙo min waya tana cewa in zo in ga 'ya'yan zamani, Allah Ya tsine wa iyayen da suka haifi wannan. Mata cike da shago, kowa na tsaki, kowa na cewa a tura mata. Na ce amin tare da su, na ɗauki ledata na fita ba a gwada ni ba. Har yanzu amin ɗin nan yana damuna.

Abin da Zabuwa ta yi mugun abu ne, ba zan shafa masa mai ba. Ka je gidan yarinyar da aka kurumtar, ka durƙusa, in sun zage ka ka shanye. Amma kotu ba zan zo ba. Ko da ƙafata ƙalau ba zan zo ba. Yarinya tana kallon ubanta a tsaye da ransa, a ce gwaggo aka ɗauko daga wani gari ta karɓe ta? Me kake so ta riƙa faɗa wa kanta?

Na rubuta mata ita ma, tunda ba a barinsu da waya. Ka kunna taka, ka daina ɓuya.

Yayarka.

*

Gwaggo,

Ina wuni. Na sami wasiƙarki, na gode da sabulu da man shafawa. Matar da ke kula da mu ta buɗe ta karanta kafin ta ba ni, haka suke yi wa kowa.

Ɗakinmu dogo ne, gadajen ƙarfe hawa biyu, taga can sama. Nawa na ƙasa ne kusa da bokiti. Akwai wadda ta ɗauki waya a kasuwa, akwai wadda ta gudu daga gidan aiki, akwai wata ƙarama da ba ta ma san laifinta ba. Babu wanda ya ga abin da suka yi. Ni kowa ya gani, har mai gadi. Mai Takalmi suke ce min. Wata malama da ta zo yi mana nasiha ta ce namiji in ya yi faɗa ƙuruciya ce, mace in ta yi ta gama lalacewa. Ni take kallo tana faɗa.

Kin tambaye ni dalili. Gwaggo, dalilin ya fi laifin ban kunya. Yarinyar ta taɓa raka yayanta kotu ta ga Baba. Ran nan a aji ta ɗauki jakar malami, ta ranƙwafa, tana sauri tana "Ranki ya daɗe, ranki ya daɗe," ta ce ga baban Zabuwa. Aji ya fashe da dariya. Ni ma na yi. Da ƙarya ta yi da ban taɓa ta ba, amma haka yake yi, sak. Na ji kunyar Babana, sai na je na huce a kanta.

Don haka da ya yi shiru a kotu ban ga laifinsa ba. Ni na fara jin kunyarsa.

Don Allah wannan ya tsaya tsakaninmu. Ki gaida Kawu da yara.

Zabuwa.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan jiki da sauƙi.

Na bi maganarki. Na je gidan yarinyar. Ubanta direba ne, a soro ya tsayar da ni bai ba ni tabarma ba. Ya ce ba kuɗi yake so ba, kunnen 'yarsa yake so, ko ina da shi? Na durƙusa har ya gaji ya shiga ciki.

Jiya aka yi zaman. Na kira sunanta kamar yadda aka saba. Da alƙaliya ta sake tambayar iyaye, na ajiye fayil a teburin magatakarda, na zagayo gaba na ce, "Ranki ya daɗe, ni ne ubanta." Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Ta zare tabarau ta ce, "Kai? Ba kana nan wancan zaman ba?" Na ce ina nan. Ta ce, "Kuma ka yi shiru." Na ce na yi. Wanke ni ta yi tas a gaban lauyoyi da masu shara, ban ɗaga kai ba. Amma ta yarda. Ta ce za ta ba ni ita, da sharaɗin a canja mata makaranta.

Sai ta juya wurin Zabuwa ta ce, "Za ki bi mahaifinki gida?"

Yaya, cewa ta yi a'a.

Alƙaliya ta maimaita, ta yi mata bayanin abin da gidan horo yake nufi. Jami'ar kula da yara ta ja ta gefe ta lallashe ta. Ta dawo ta ce a'a. Tunda uba ya tsaya, shekara ɗaya kawai aka rubuta mata, daga nan a sake dubawa. Motar da ta ɗauke ta na fita ina tsaye a baranda, magatakarda ya leƙo ya ce akwai sauran ƙara. Na koma na kira na gaba.

Na makara ne, ko? Ki faɗa min gaskiya, ke ba kya ɓoye ta.

Ƙaninki.

*

Baba,

Ina kwana. Ina lafiya, an ba ni gado na sama.

Ba fushi nake da kai ba. Da ka ce kai ne ubana na ji daɗi ƙwarai. Amma yarinyar da na daka tana zaune a bencin gaba, duk lokacin da alƙaliya ta yi magana sai ta juya kai ta miƙa ɗaya kunnen. Ban iya cewa zan tafi gida in kwanta a ɗakina ba. Ka yi haƙuri.

Ranar ziyara Asabar ce. Mutane suna yin layi a bakin titi, mai gadi yana tambayar kowa wa yake da shi a ciki, kuma da ƙarfi yake tambaya. In ba za ka iya ba, ba komai.

'Yarka.