Mai Riƙe da Jaki a Bangon Majami'a

Umbria, 9 ga Oktoba, 1964

'Yata Ornella,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya a can Ajantina. Mu nan kalau. An fara tsinkar zaitun, ƙaninki Fulvio ne ke hawa tsanin babanki yanzu. Wata bakwai ke nan da rasuwar baban naku, har yau nakan ajiye faranti biyu kafin in tuna.

Kin san tsohon hoton haihuwar Almasihu da ke bangon majami'armu, da mutumin da ke riƙe da jaki a gefe. Masu zanen dā fuskokin 'yan gari suke sakawa, shi ya sa kowa ke cewa kakan kakan babanki ne: hancin nan, da yadda ya karkatar da kai kamar ana yi masa ƙarya. Babanki bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, don haka tun da aka binne shi, can nake zuwa kullum in gan shi.

To, danshi yana cin bangon. Wani farfesa ya zo daga birni, ya ce sai a ɓare hoton a kai gidan tarihi, in mutanen gari sun sa hannu. Ya ce daga irin bangon nan wayewa ta fara, ranar da ɗan Adam ya iya zana baƙin ciki a fuskar talaka. Maƙwabciyarmu Gelsomina ta ce masa, malam mai farin takalmi, wayewar da ba ta iya gyara rufin da ke yoyo ba, ta yi zamanta a birni. Har fada, limamin majami'armu, ya yi dariya.

Ni ban yi dariya ba. Na tambayi farfesan shekara nawa fuskar za ta yi idan an bar ta. Ya ce da ƙyar goma. Birnin kuwa gwiwoyina ba za su kai ni ba. Karatuna bai wuce aji uku ba, amma na tuna 'ya'yanki ba su taɓa ganin kakansu ba, kuma da babu gara ba daɗi. Ni na fara sa hannu.

Jiya ma'aikata suka shafa manne, suka liƙa farin ƙyalle a kan hoton don su ɓare shi. Sau biyu ke nan ina tsaye ana rufe mini fuskarsa. Ki kawo yaran su gan shi a birnin, ki dawo ki faɗa mini ko an ajiye shi inda haske yake.

Ki gaida maigidanki Ettore, da Nives, da ƙaramin Duilio. Goggonki Iole tana gaisuwa.

Mahaifiyarki,
Assunta